Sunan Da Ya Cinye Mana Gona

Sunana Istifanus, kuma kakata ce ta zaɓa. Da jariri yana da baki, da tun ranar suna na ce ban yarda ba.

A Yelwa muke zaune, gidan haya mai ɗaki biyu, mu da iyayenmu da Kaka, mahaifiyar babana. Da damina, idan an gama cin tuwo, takan ja kujerarta kusa da murhu ta jera masara a kan garwashi, mu yara mu kewaye ta. Ba zan ci haƙƙinta ba, ta iya labari. Amma akwai guda ɗaya da ba ta fito da shi sai ta ga Baba ya dawo daga Zungur ransa a ɓace. A can gonar da kakanmu ya bari take. Baffa, yayan Baba, ya haɗa da kason Baba yana nomewa, ko kwanon dawa ba ya aiko mana. Duk ranar da Baba ya ce gobe zai kai ƙara, sai Kaka ta jawo ni jikinta.

"Zo nan, maigidana, ka ji labarin mai sunanka. Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya yi mini dariya."

Sai ta ɗaga murya yadda Baba zai ji daga bakin ƙofa. Ta ce a farkon zamanin masu bin Yesu an yi wani mutum da aka ɗora wa rabon abinci ga matan da mazansu suka mutu. Ya yi wa'azi, manyan gari suka ji haushi, suka samo shaidun zur, suka ja shi bayan gari suka yi ta jifan sa. Jini yana zuba, ya durƙusa ya roƙi Ubangiji kada ya kama su da wannan laifi.

"Ma'anar sunan ma kambi ne," in ji ta. "Wanda ya yafe shi ke da kambi."

Baba ya ce, "Inna, ni ma fa ɗanki ne."

Ta ci gaba da juya masara, ko kallon sa ba ta yi ba. "Da ɗan'uwanka za ka yi shari'a a gaban bare? To, bari in mutu tukuna."

Washegari Baba ya ɗauki zartonsa ya tafi wurin aiki. Haka aka yi ta yi, har shi ya riga ta mutuwa, a ɗakin hayar nan.

Sai da na girma na ji an karanta labarin a coci daga farko har ƙarshe. Ashe masu jifan sun tuɓe rigunansu sun ajiye a gaban wani saurayi, yana tsare musu. Shi bai ɗaga dutse ba. Kaka ba ta taɓa faɗa mana wannan wurin ba. Ina zaune a kan benci zuciyata tana tafasa, don na gane matsayin Kaka a cikin labarin. Baffa ɗan farinta ne, saboda kunya ko sunansa ba ta kira, amma rigarsa ta tsare masa har ta koma ga Allah.

'Yan'uwa suna ce mini tsohuwa ce, tsoron rabuwar 'ya'yanta take yi. Na sani. Amma wancan Istifanus da bakinsa ya yafe, babu wanda ya matsa masa. Babana kuwa ƙwatar yafiyar aka yi daga bakinsa, da sunan ɗansa. Har yau 'ya'yan Baffa ne ke noma gonar, ni kuma ban yafe ba.