Lambar da Ba Ta Kama Ba

Na manta sunayen garuruwa da yawa da na yi wa aiki, amma wata Talata a bazarar 1956 har gobe ba ta fita daga raina ba. Tun da kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in bar muku kujera, shi zan ba ku, ko da yake ba ni ne gwanin cikinsa ba.

Lokacin ni malamin lamba ne, wato mai yi wa mutane rigakafin agana, shekarata uku a aiki, ƙasar Tudun Wada ce rabona. Sama da ni akwai Sufeto Malam Habu, wanda yake zuwa daga Kano duba aikinmu. Ku yanzu ga firji ga akwatin ƙanƙara, amma ba ku da zance sai an ɗauke wuta. Mu ruwan lambar a 'yan siraran kwalabe yake zuwa, mu naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma, domin zafi ne ajalinsa. Idan ka isa gari sai ka ɗan karce damtsen mutum, ka ɗiga, ka bari ya bushe. Rana ta takwas dole ka koma ka duba. In wurin ya yi ƙurji, lamba ta kama, ka rubuta a littafi. In fata ta warke sumul, an yi aikin banza, sai a sake.

Ranar da zan je wata unguwar Maguzawa a kudancin Burumburum, na jingine keke a rana da jakar lambar a rataye, na leƙa rumfar wani abokina da niyyar gaisawa kawai. Hira ta yi daɗi, fura ta sauka, ban fito ba sai da aka kira azahar. Na tarar tsumman ya bushe ƙayau, kwalaben sun yi ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Na san ruwan ya mutu. Amma neman wani tafiyar kwana huɗu ce, ga faɗan Sufeto. Na jiƙa tsumman a bakin rijiya, na ce Allah ya rufa asiri, na hau keke.

Mutanen unguwar suna gudun lamba, wasu ma in an yi musu sai su zagaya su goge da lemon tsami. Wanda ya tara mini su shi ne Malam Bulus, ɗan unguwar da ya zama Kirista, yana wa'azi a wata 'yar majami'ar zana, tsohuwar garma yake bugawa in zai kira jama'a. Don hankalinsu ya kwanta, 'yarsa Saratu mai shekara shida ya fara miƙo mini. Rana ta takwas ta zo, na ƙi komawa, don ina tsoron abin da zan gani. Ina zaune a ɗakina na cika littafi: ta kama, ta kama, ta kama.

Bayan wata biyu agana ta shiga unguwar. Yara huɗu suka rasu, har da Saratu.

Talatar da nake faɗa muku, Sufeto ya zo bincike, muka tafi tare. Tun a hanya ya yanke hukunci: tun da littafi ya ce ta kama, ai halin nasu suka yi na lemon tsami, ni kuma suka nuna mini wani ƙurji suka ruɗe ni. Ya ce zai sa a tuɓe mai unguwa. Wallahi na ji sanyi a raina. Shiru kawai zan yi in tsira da aikina, laifi ya hau kan waɗanda suka binne 'ya'yansu.

Kafin jama'a su gama taruwa, Malam Bulus ya yafito ni gindin wata ɗorawa. Ya rame har na so in kasa gane shi. Na yi masa ta'aziyya, ya amsa, sannan ya ce:

"Malam Sule, ni na riƙe hannun Saratu, lemo bai taɓa shi ba. Rana ta takwas a nan na jira ka har rana ta faɗi. Ba zan ɓoye maka ba, bayan mun binne ta kwana uku na yi ina wasa gatarina."

Ya ce ya mayar da gatarin ɗaki, domin a addininsu ramuwa ba ta mutum ba ce, ta Allah ce, wanda ya ɗauka da hannunsa ya yi wa Allah sata.

"Na bar ka da Shi," in ji shi. "Kada ka ɗauka sauƙi na yi maka. Ni in na sare ka, sau ɗaya ne. Ranar da Almasihu zai zauna shari'a, ba littafinka za a buɗe ba. In Sufeto ya tambaye ni ba zan yi ƙarya ba, amma na fi so ya ji daga bakinka, don ina ji maka tsoro."

Ni Musulmi ne, tun ina makarantar allo na san akwai hisabi. Amma ban taɓa jin nauyinsa a ƙirjina ba sai ranar, daga bakin mutumin da na yi sanadin 'yarsa. Da Sufeto ya fara yi wa mai unguwa faɗa, na miƙe na ce, ranka ya daɗe, laifin nawa ne. Na faɗi komai, da keken, da furar, da littafin.

Samari suka zabura da sanduna. Malam Bulus ya shiga tsakani, bai ɗaga murya ba, ya ce musu shari'ar nan tana da mai ita, su zauna. Suka zauna suna huci. Sufeto ya ce kora ce, sannan gaban alƙali, kuma ban ga laifinsa ba.

Sai Malam Bulus ya roƙe shi abu ɗaya. Ya ce cuta tana nan ba ta tafi ba, kafin a turo sabon malami ya san hanya an ƙara binne wasu. A ba ni ruwa mai kyau in dawo in gyara abin da na ɓata. Wani dattijo ya ce wa zai sake ba wannan hannunsa? Sufeto dai ya amince. Da na dawo da sabon ruwa bayan kwana huɗu, na sami filin wayam, kowa yana leƙe ta bayan danga. Sai ga Malam Bulus ya fito ɗauke da Rahila, 'yar da ta rage masa, ko yaye ta ba a yi ba. Ya miƙo mini damtsenta. Na karce, na ɗiga. Daga nan mutane suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Rana ta takwas tun hantsi ina gindin ɗorawa. Da na ga ƙurji a hannun yarinyar nan, na zauna a ƙasa na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

An rage mini muƙami, an hana ni ƙarin girma shekara uku, amma ba a kore ni ba. Daga ranar ban sake rubuta abin da idona bai gani ba, kuma shi ya sa nake takura muku a kan komawa duba aiki har kuke kirana Baba Sai-Na-Gani. Na san shari'ar yaran nan huɗu tana nan tana jirana, Malam Bulus bai taɓa ce mini an shafe ta ba. Abin da ya ba ni shi ne lokacin da zan shirya mata, kuma kullum na ɗaga hannu ina gode wa Allah da ya haɗa ni da shi.