Hatimin Murhun Inna

Washegarin Ashura, ina 'yar shekara tara, wani tsoho Basine da ya kama ɗaki a gidanmu na unguwar Jarwal a ƙasa mai tsarki ya durƙusa a tsakar gida yana cuɗa laka. Alhaji Yunusa sunansa, yaƙi ne ya koro shi daga ƙasarsu. Ya gaji da ganin Inna tana hawaye a bakin wuta, don hayaƙin suyar waina ya fara cin idonta, kuma da wainar nan muke ci. Ya gina mata murhu mai ramin iska a gindi, ya ɗauki tsinke ya zana wani harafi a jikinsa. "Nar," ya nuna hagu. "Turab," ya nuna dama. Wuta da ƙasa, murhu ke nan a rubutunsu.

Da murhun ya bushe aka hura, hayaƙi ya ɗauke. Inna kuwa ta rantse hatimi ne. Duk bayanin da tsohon ya yi da guntun Larabcinsa ta bayan kunnenta ya bi. "Ke Rabi, je ki koyo mana asirin nan," in ji ta. Haka aka raba ni da carafke. Kullum na dawo daga makarantar allo sai in tsuguna gaban toka ina zane, shi kuma yana sharewa da tafin hannu, wai ba daga nan ake farawa ba. Zane bakwai kacal fa! Ga mata har daga unguwar Tandabawi suna aiko alluna a rubuta musu su wanke su sha. Haushi kamar ya kashe ni. Sau nawa yana jan hannuna zuwa ramin iskar nan yana ta bayani, ina fizgewa don na ƙosa in tafi wasa.

Bayan ya koma Ɗa'if wurin 'yan ƙasarsu, aka yi ruwa mai ambaliya, murhun ya narke. Muka sake ginawa, na zana harafin tsaf. Inna ta hura wuta, hayaƙi ya turnuƙe gidan. "Sake rubutawa," ta ce, tana murza ido. Sau uku ina sakewa.

Yanzu jikokina murɗa gas kawai suke yi, ba su san yajin hayaƙi ba. Inna ta rasu ba ta iya bambance fuskata da ta ƙanwata. Harafin yana hannuna har yau; ramin iskar ne ban tsaya na duba ba.