Muryar Kawu a Karar Maigatari

Kawuna malamin dabbobi ne, ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yawo tsakanin Gumel da rugagen Sule Tankarkar. Da ya yi ritaya sai ya riƙa ɗaukar muryarsa a 'yar wayarsa mai madannai, yana bayanin cututtukan shanu da Hausa da Fulatanci: yadda ake gane ciwon huhu, lokacin rigakafi, abin da ba a ɗura wa saniya mai ciki. Daga baya ciwon maƙogwaro ya kama shi, muryar ta dishe, ta koma raɗa. Abin da ya rage na waccan muryar yana cikin wayar nan kaɗai.

Ni ke da shagon kwamfuta a dangi, don haka na ɗauki alkawarin ɗora muryoyin a intanet, makiyayi ya latsa kawai ya ji, ba sai ya iya karatu ba. Na kama wurin ajiya mafi araha, irin wanda ake cusa shafukan mutane da yawa a na'ura ɗaya. Gidan haya ne dai: ɗakinka naka ne, amma ba ka isa ka taɓa ƙofar gida ba. Na gwada a kwamfutata, muryar ta tashi rangaɗau. Ranar Alhamis na ɗauki Kawu a babur muka nufi karar shanu ta Maigatari, ina ta hura hanci.

Makiyayan wajenmu ba sa karɓar sabon abu sai ardonsu ya fara gwadawa. Idan ya ture, magana ta ƙare. Ardon ya miƙo wayarsa, na buɗe masa shafin, ya latsa. Maimakon murya sai wasu baƙaƙen haruffa marasa ma'ana suka cika fuskar wayar.

"Ɗana, wannan ce muryar malam?" in ji shi. "Ko tururuwa ce ta shiga wayar?"

Aka bushe da dariya. Kawu ya sunkuyar da kai, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ardo ya ce Alhamis mai zuwa ce kasuwarsu ta ƙarshe, daga nan za su yi kudu da dabbobi. In zan gyara, in gyara kafin nan.

Kwana biyu ina lalube kafin in gano matsalar. Ashe kafin na'urar ajiya ta aika wa waya kowane fayil, sai ta faɗa mata nau'insa: hoto ne, rubutu ne, ko sauti. Fayilolin Kawu suna ƙarewa da .amr, na'urar ba ta san shi ba, sai ta ce rubutu ne. Kwamfutata tana da wayon ganewa da kanta, wayar makiyayi kuwa abin da aka gaya mata shi take ɗauka. Na rubuta wa masu wurin, suka amsa cewa ba za su sauya tsarin kowa saboda mutum ɗaya ba. Raina ya ɓaci, na zage su tas ni kaɗai a shago, sannan na ce ai sai na ga abin da ya ture wa buzu naɗi.

Akwai wani ɗan fayil da mai haya yake iya ajiyewa a nasa ɓangaren, sunansa yana farawa da ɗigo, a ciki ake yi wa sabon nau'i rajista. Na ƙirƙire shi, ya ɓace. Na sake, aka ce ai yana nan. Ashe ɓoye irinsu ake yi. Da na tono shi na rubuta layi ɗaya tak, cewa duk abin da ya ƙare da .amr sauti ne, sai na tsallake harafi, shafin gaba ɗaya ya mutu. Na gyara, ya farfaɗo.

Wannan karon ban yarda da kwamfutata ba. Na bi kasuwar Gumel ina aron waya, daga ta mai awon gero har ta masu adaidaita. Duk suka yi magana, ban da tawa, wadda na taɓa buɗe shafin da ita tun kafin gyara, ta riƙe tsohon shirmen a cikinta. Nan na tuna cewa ta ardo ma ta taɓa buɗe shafin. Na zauna na sauya wa kowane fayil adireshi, ɗaya bayan ɗaya, yadda kowace waya za ta ɗauko shi sabo.

Ranar Alhamis muka koma Maigatari ni da Kawu, na buɗe wa ardo shafin, ya karɓi wayarsa ba tare da ya dube ni ba, ya latsa. Muryar Kawu ta da, mai kauri, ta fito ta yi sallama. Ardo ya amsa da ƙarfi, sauran makiyayan suka amsa tare, duk suka juya suna kallon Kawu. Ya buɗe baki zai yi magana, ba abin da ya fito, sai hawaye.

"Zauna abinka, malam," in ji ardo. "Muna jin ka."