Ƙaryar da na yi wa Inna a kan littafin girki

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a Kazaure, mahaifinmu ya rasu. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta gama takaba a gidanmu na Roni, amma ta ƙi komawa cin abinci. Loma biyu ta ture kwano. Muka kai ta asibiti, likita ya ce ba ta da ciwon komai, sai dai in ta ci gaba a haka jikinta ba zai ɗauka ba. Matar da ta shekara talatin tana tuyar waina, ga shi an koma ana lallashinta da koko kamar yarinya. Tsoro ya kama ni ƙwarai, na kuma ƙudura a raina ba zan rasa iyaye biyu a shekara ɗaya ina kallo ba.

Ni kuwa ina da wani hali da abokaina ke min dariya a kai. Ko ruwan zafi ban iya dafawa ba, amma ba littafin da nake so kamar labarin da aka cika da girki. Akwai wani da na karanta har bangonsa ya fita, labarin wata yarinya mai sayar da abinci a tasha. Wata Asabar na hau babur da shi a aljihu, na ce ko jin sunan abinci zai motsa mata marmari.

Bayan la'asar na zauna gefen tabarmarta ina karantawa, ita kuwa ta juya min baya. Na zo inda yarinyar ta wanke shinkafar waina, na buɗe gaba, sai ga ta tana zubawa a tanda.

"Tsaya," in ji Inna. "Ba ta kai niƙa ba? Ƙullin bai kwana ba?"

Na duba, ashe shafi biyu ne suka manne na tsallake. Har na buɗe baki zan gyara, sai na ga ta tashi zaune. Rabon da in ji ta yi magana mai tsawo haka tun ranar addu'ar bakwai.

"Haka aka rubuta, Inna," na ce.

"To wallahi wannan ko bayan murhu ba ta taɓa zagawa ba!"

Daga ranar na zama ɓarawon girki. Na koma Kazaure na sa matata a gaba, ta koya min inda zan ɓata kowane abinci yadda ba za a gane ba. Ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah." Na ce ina ji, faɗa min dai. Asabar ta gaba yarinyar littafi ta kwaɓa ɗanwake ba kuka ba kanwa. Ta gaba ta yi miyar taushe ta manta da kabewa. Inna ta yi ta tafa hannu tana salati, amma kwano yana nan yadda ƙanwata ta ajiye shi. Ƙanwar tawa ta ce in haƙura, surutu ba ya cika ciki. Na ce mai haƙuri shi kan dafa dutse, ni ko kwanan ƙulli ban yi ba tukuna.

A mako na huɗu na sake dawo da yarinyar kan waina, na sa ta toya ba albasa, tanda kuma ba ta yi zafi ba. Inna ta kalli ƙanwata.

"Ke, jiƙa min shinkafa. In nuna wa yaron nan waina, kada ya mutu bai sani ba."

Washegari da hantsi tana kan kujera 'yar tsugunno, tana juya waina. Mai girki kuwa dole ta ɗanɗana. Ta gutsiri ta farko ta ce gishiri bai ji ba. Aka ƙara, ta ci ta biyu don ta tabbatar. Ta uku ta sa mata ƙuli-ƙuli ba wanda ya roƙe ta. Na fita ƙofar gida na yi kuka, ƙato da ni.

Bayan wata biyu, ƙanwata ta ɗauki littafin ta karanta mata tsakani da Allah. Da na zo, ko gaisuwa Inna ba ta bari na gama ba.

"Ashe baiwar Allahn da ta rubuta littafin nan ta iya girki! Ka sa na yi ta zaginta ba ta ji ba ba ta gani ba. Sai ka nemo ta ka roƙi gafara."

Abin da na gane shi ne, duk mun yi ta ba Inna abinci, alhali ita wanda za ta ciyar ta rasa. Har yau ina jin kunyar marubuciyar nan, kuma ban taɓa haɗuwa da ita ba, sai dai ina sa ta a addu'a. Amma ban yi nadama ba. Inna ta ƙara shekara bakwai a duniya, tana ci, tana kuma yi mana faɗa.