Igiyar da tsohon ya ɗaura

Har yau idan na ga mutum ya kare allon kwamfuta da kafaɗarsa, raina ɓaci yake yi.

Sati uku ke nan da na kama aiki a wani ɗakin gwajin jini a Hausari. Alhaji, mai wurin, ya sallami tsohon da ke kula da kwamfutarsa saboda baƙin hali, ya ɗauke ni. Tsohon bai bar mini ko layi ɗaya a takarda ba. Ya kwashe butarsa ya tafi.

Manhajar da ke fitar da sakamakon gwaji ba ta tashi ita kaɗai. Tana jingina da wasu fayiloli da ake kira laburare, kuma kowanne akwai ɗan mahaɗi da ke nuna mata inda yake, kamar igiya tsakanin akuya da turke. Wata Laraba da safe ina leƙe-leƙe a baƙin allon da ake buga wa kwamfuta umarni, sai na ga wani mahaɗi da aka ɗaura da hannu, ya tsallake sabon laburare da ke gefensa ya nufi wani lungu can. Na yi tsaki. Na ce aikin jahilai ke nan. Ko rubuta inda ya nufa ban yi ba, na buga ldconfig, umarnin da ke sake ɗaura mahaɗai ya sabunta jerin da kwamfuta ke dubawa.

Ya yi aikinsa tsaf. Ya mayar da mahaɗin kan sabon laburare, manhaja kuwa ta ce ba ta san zance ba.

Na nemi lungun nan har idona ya yi ja. Mugun ya cika na'urar da manyan fayiloli marasa suna mai ma'ana, tarihin umarni kuma ya share shi tas. A waje benci ya cika, har da wata mata daga Nangere da likita ke jiran sakamakonta. Alhaji ya leƙo ya ce, “Malam, in la'asar ta yi ba ta tashi ba, ka san sauran.”

Dole uwar na ƙi. Na hau keke napep zuwa Bolewa, unguwar tsohon.

Na same shi a ƙarƙashin dogon yaro yana gyaran rediyo. Na durƙusa na gaishe shi, abin da ban taɓa tsammanin zan yi ba. Sai da ya gama ɗaure kusoshi huɗu sannan ya ɗago.

“Kai ne mai digirin? Ka taɓa igiyata ko?”

“Baba, kuskure ne. Ka faɗa mini inda fayil ɗin yake kawai.”

“Sabon laburaren nan ba ya jituwa da manhajar. Ni na gyara tsohon da hannuna. Faɗa maka kuma, a'a. Zan je in yi, a gaban Alhaji.”

Na tsane shi a lokacin, kuma ban daina ba. Laifina ne ban rubuta ba, na yarda. Amma wanda ya haƙa rami a tsakar gida ya rufe da tabarma, ba gwani ba ne, azzalumi ne.

Ni na biya kuɗin keken. Ya zauna a kujerata, ya baje babbar rigarsa ya kare allon, ya buga layi biyu, ya sake share tarihin. Firinta ta fara tari. Matar Nangere ta karɓi takardarta tana sa masa albarka.

Alhaji bai yi faɗa ba. Hannu kawai ya miƙo mini in ba shi makulli. Makullin ɗakin yana zobe ɗaya da na gidana, zoben kuma mai tauri ne. Na tsaya ina ta fama da farce, su biyun suna kallona har na ciro shi.