Layin da Inna ta ce a bar mata

Ina shiga gidanmu a Argungu, Inna ta ƙura min ido.

"Mi yas samu huskarki tay yi ja haka?"

Na ce lesa aka yi min, wani haske da likita ke bi da shi kan fata don rage tamoji, kuma zan koma a ƙarasa.

Ta shafa gefen bakina.

"Su goge na goshi, ɗawainiyar ɗiya ce. Amma wanga layi na marigayi babanki ne, nan nasa yake fitowa in ya yi dariya. Ki ce su bar min shi."

Har na dawo gidana a unguwar Gesse ina leƙen madubi ina murmushi.

Jama'a, likita zai yarda ya tsallake layi ɗaya kuwa?