Tsohuwar da ke cire agogo

A shekarata ta biyu da kama aiki a Lyon na yi kaka a Singapur, garin da har yau ban taɓa takawa ba. Ban san sunanta ba, ban san fuskarta ba. Lamba ce kawai a cikin ordinatata, wato kwamfutata, sai shekarunta, sai ciwon da ke damunta, sukari da tansiyo, wato hawan jini. Amma na san lokacin da take tashi daga barci, na san ranar da ta sha tafiya, na san ranar da ƙafa ta hana ta fita. Wallahi ko kakata ta Damagaram ban san ta haka ba.

Ga yadda abin yake. Bayan na gama karatun lafiyar al'umma a Bron, nan gefen Lyon, wani ƙaramin biro, wato ofis, na bincike ya ɗauke ni. Masu bincike a Singapur sun raba wa tsofaffi masu sukari da tansiyo agogon hannu, irin mai ƙirga taku da bugun zuciya. Duk wanda ke cikin shirin akwai ma'aikaciyar jinya da ke bibiyarsa. In agogo ya nuna wani abu ba daidai ba, a kira shi a waya, ko a je har gida. Su kuma bayanan sai a turo mana Lyon mu tace. In gaskiya za a faɗa, shara nake yi, sai dai sharar lambobi ce. Kuma ina son aikina, ba na ɓoyewa.

Gwaggona, ƙanwar babana da ke zaune a unguwar Minguettes, ba ta taɓa yarda aiki ne ba. Duk sanda na je sai ta ce, "To ke likita ce ko ba likita ba? An turo ki Faransa, kin ƙare a ƙirga takun tsofaffin wata ƙasa!" In ce mata bincike ne, ta ce, "Uhum, Allah shi ba da sa'a," ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Agogon nan in bai ji fata ba, layin da yake zanawa a ordinata sai ya yanke. Akwai ƙa'ida kuma: wanda ya cika barin agogonsa a ajiye, ana ɗauka ba ya bin shirin, sai a cire shi a ba wani da ke jira. Cirewa na nufin babu sauran kiran waya, babu mai leƙo shi a gida. Wata ranar Alhamis shef ɗinmu, wato shugaban biron, wani dattijon Bafaranshe mai kirki amma mara son surutu, ya ce in haɗa jerin waɗanda za a cire, a gabatar a taron Paris ranar Juma'a ta sama. Na haɗa. Lamba ta huɗu a jerin, kakata ce.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tsohuwar nan ba malalaciya ba ce, ina ganin takunta kullum da safe. Amma ga layinta nan a yayyanke kamar tsohuwar tabarma, wani yankewar gajere, wani har awa uku. Na yi ta yi mata faɗa a zuciyata: haba Kaka, mi ya sa kike yi mini haka?

Ran Lahadi na hau metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na sauya zuwa taram, jirgin kan titi, na tafi wurin Gwaggo. Da ma na taɓa kawo mata irin wannan agogon saboda tansiyonta. Bayan La'asar na shiga wanke hannu, sai ga agogon kwance a bakin famfo kusa da sabulu. Na ɗauko shi na fito ina zazzaga mata masifa, don ni bakina ba ya jira.

"Gwaggo, don Allah mi wannan? A hannu aka ce, ba a bakin famfo ba! Kuma agogon nan ba ya tsoron ruwa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ji ƴar banza. Wa ya ce don agogo nake cirewa? Ruwan alwala ya bi ta ina ya taɓa fatar? So kike in yi salla da lam'a? Tun Azahar na cire, na manta. Da na tuna kuma La'asar ta kusa, mi amfanin in ɗaura in sake kwancewa?"

Na tsaya da agogon a hannu, bakina a buɗe. Har ta ce, "Ke lafiyarki?" Na ce lafiya lau, amma tuwon ranar ban san ɗanɗanonsa ba.

Ran Litinin ni na fara isa biro. Abin da ya ruɗe mu, injinmu da lokacin Faransa yake rubuta komai, shi ya sa yankewar ba ta da kai ba ta da gindi. Na mayar da ita lokacin Singapur, na nemo jadawalin sallarsu na ɗora a kai. Subhanallahi! Asuba, Azahar, La'asar, Magariba, Isha'i, kowace a gurbinta. Doguwar yankewar nan tsakanin Azahar da La'asar take, irin ta Gwaggo sak. Na duba sauran jerin, da yawansu haka suke, mazan kuma ranar Juma'a tasu ta fi tsawo. Na yi dariya ni kaɗai, sannan na ji ƙwalla.

To, nan fa gizo ke saƙar. Shekara biyu ina biron nan babu wanda ya san ina salla. Tun farkon zuwana wata ƴar Maraɗi da ta riga ni aiki ta ja ni gefe a wani kanti a unguwar Guillotière ta ce, "Ƙanwata, addininki ki bar shi a bakin ƙofar biro. Kontarar aiki ta wata shida gare ki, kar ki ba su abin faɗa." Na bi maganarta. In lokaci ya yi sai in ce zan sha iska, in yi alwala a gaggauce, in goge hannu tas, in shige ɗakin da ake tara tsofaffin kwalaye in shimfiɗa mayafina. Kamar ɓarauniya, ni ɗiyar liman guda.

Na je wurin shef da takarduna, amma tsoro ya riƙe mini harshe. Na ce masa kawai, "Ina ganin wata al'ada ce take sa su cirewa." Ya ɗaga gira ya ce agogon ai ba ya tsoron ruwa ko zufa, kuma da zato ba a canza ƙa'ida. Jerin zai tafi yadda yake. Na fito ina jin haushin kaina fiye da haushinsa.

Ranar Juma'a muka hau jirgin ƙasa na safe zuwa Paris. Shef yana karanta jarida, ni ina kallon gonaki suna wucewa. Ɗakin taron dogo ne, manyan farfesoshi sun zagaye tebur. A bango kuma ga babban allo, mutanen Singapur suna ciki, su yamma ta yi musu. A gefensu akwai wata mata mai mayafi, shugabar ma'aikatan jinyarsu.

Aka zo kan jerin. Shef ya ce a amince a wuce gaba. Na ga lamba ta huɗu a kan allo, sai na ji hannuna ya tashi sama.

Na nuna musu layukan, na nuna jadawalin salla a kai. Lissafina bai yi rawa ba, don sau uku na sake shi. Wani farfesa mai farin gemu ya ce abin sha'awa ne, sai dai shi bai gane ba, agogo da ake iyo da shi, mi zai sa a cire shi don wanke hannu? Kai, a nan zuciyata ta hau. Na kwance nawa agogon na dangwara shi a tebur, na naɗe hannun riga har gwiwar hannu. Na ce, "Ba agogon ake karewa ba. Ruwa ne dole ya taɓa fata, daga nan zuwa nan, ko'ina." Na shafa na nuna musu. "In wuri ɗaya bai jiƙa ba, sai an sake. Tsofaffin nan ba ƙin shirin suke ba. Salla suke yi, su manta su mayar."

Shef ya juyo ya ce a hankali, "Ya aka yi kika san wannan?"

Na ce, "Don ni ma haka nake yi kullum. A ɗakin kwalaye."

Na ce a raina shi ke nan, kontara ta tafi, Allah ya sa haka ya fi alheri. Sai muka ji dariya daga allo. Matar nan mai mayafi ce. Ta ɗaga hannunta kusa da kyamara, babu komai a wuyan hannun. Sannan ta laluba aljihun rigarta ta fito da agogonta tana kaɗa shi. Ta ce yanzun nan ta idar da La'asar kafin ta shigo taro, ita ma ta manta. Ta ce su jerin lambobi kawai ake aiko musu, ba su taɓa ganin sa'o'in ba, da sun gani da tuni sun faɗa.

Aka dakatar da jerin a ranar. Ma'aikatan jinya suka bi tsofaffin gida gida, aka gyara ƙa'idar, aka sa wayoyinsu su riƙa tuna musu su mayar da agogo bayan salla. A jirgin komawa, da muka kusa Lyon, shef ya ce mini ɗakin kwalaye ƙura ta yi masa yawa, zai sa a share. Kontarata ma aka sabunta. Da na ba Gwaggo labari ta ce, "To ai ni na yi aikin, sunana za su sa a takarda." Amma na ji ta a waya tana gaya wa babana, da murya sama sama, wai ɗiyarsa ta tsaya gaban turawa a Paris ta koya musu alwala. Ban gyara mata ba, daɗi nake ji.

Bayan kamar wata biyu matar mai mayafi ta aiko mini saƙo. Ba ta faɗi suna ba, lambar kawai ta rubuta, na kuwa gane ta tun kafin in gama karantawa. Ta ce da suka je gidan tsohuwar suka yi mata bayani, ta tambaya wa ya gane. Suka ce wata yarinya ce a Faransa. Sai ta ce su gaya wa yarinyar ta sa ta cikin addu'arta ta bayan salla, tare da jikokinta.

Har yanzu tana cikin shirin. Kullum in na buɗe ordinata lambarta nake fara dubawa. Layin yana yankewa sau biyar, ƴan mintuna kaɗan, ya dawo. Na san abin da take yi a cikin mintunan nan, kuma na san ina ciki.